A Bakin Kogin Tems, Inda Majalisa Ta Fi Ƙarfin Sarki

A tashar Waterloo muna jiran jirgin ƙasan da zai kai mu Hampton Court, ɗan ƙanwata da ke karatu a Landan ya sayo mana shayi, ya zuba min canjin a tafin hannu. Ya ce, "Kawu, tunda tarihi ya kawo ka, fara da wannan." Na ɗaga fam ɗaya na duba. A rubutun da ya kewaye kan sarki akwai haruffa biyu, F da D, taƙaitaccen laƙabin da ke nufin mai kare addini. Fafaroma Liyo na Goma ne ya ba Sarki Henri na Takwas laƙabin a 1521, tukuicin littafin da ya rubuta yana sukar Martin Luta, malamin da ya yi wa Fafaroma tawaye. Shekara goma sha uku bayan nan Henri ya raba gari da Roma. Roma ta janye abinta, majalisar dokokin Ingila kuma ta zauna a 1544 ta mayar masa da shi. Abin da na zo bin sawu ke nan: yadda aka yi majalisa ta samu bakin magana a kan abin da tun fil azal na Fafaroma ne.

Hampton Court fada ce ta jan bulo a bakin Kogin Tems, da bututun hayaƙi birjik a kan rufinta, kowanne da irin murɗinsa. Kadinal Tomas Wolsey ne ya fara gina ta wajen 1515, lokacin da yake babban na hannun daman sarki, kuma babban limamin coci a lokaci guda. A ɗakin girki mun tarar an hura wuta a wani murhu da mutum zai iya tsayawa a cikinsa, ana juya nama a jikin dogon ƙarfe kamar yadda ake yi a zamanin. Amma abin da ya fi riƙe ni yana babban zaure. A jikin katakon da aka sassaƙa, in ka kafa ido sosai, za ka ga harafin H da A a sarƙe da juna, wato Henri da An Bolin, matarsa ta biyu. Da aka fille mata kai a 1536 an sa masassaƙa su kankare duk inda sunanta yake, wannan ne ya kuɓuce musu.

A kan matar nan aka fara komai. Henri ya yi shekara kusan ashirin da Katarina 'yar Sifaniya, ɗiya mace guda ce ta rayu, Meri, shi kuwa magaji namiji yake nema ido rufe. Ya nemi Fafaroma Kilemen na Bakwai ya warware auren domin ya auri An Bolin. Sai dai Katarina ƙanwar mahaifiyar Sarki Calis na Biyar ce, wanda sojojinsa suka wawashe birnin Roma a 1527, Fafaroma kuwa a tafin hannunsa yake. Magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wolsey ya rasa muƙaminsa a 1529, fadar da muke tsaye a ciki ta riga ta koma hannun sarki, Henri kuma ya kira majalisa.

Nan ne gaɓar da nake ganin an fi tsallakewa. Henri mutum ne mai ƙarfin mulki, amma ya so a ce da dokar ƙasa aka yi abin, don kada wani ya zo daga baya ya ce son zuciyar sarki ne. Saboda haka majalisar da ta zauna daga 1529 zuwa 1536, bisa jagorancin Tomas Cromwell, sabon na hannun daman sarki, ita ta hana ɗaukaka ƙara zuwa Roma a 1533, ita ta ayyana sarki a matsayin shugaban Cocin Ingila a 1534, ita ta faɗi wanda zai gaji sarauta, ita kuma ta fara ba da damar rufe gidajen 'yan zuhudu, waɗanda daga baya adadinsu ya kai wajen 800, aka sayar da gonakinsu ga masu hannu da shuni. Henri ya samu abin da yake so. Amma ya yi kamar mai kiwon ɗan kura a cikin garke: majalisar da aka koya wa yanke hukunci a kan addini da gadon sarauta ba ta sake mantawa ba.

A Hasumiyar Landan na ga kuɗin da aka biya. Akwai wani ɗaki a benen da ake kira Beauchamp, bangonsa cike da rubutun da fursunoni suka tona a dutse. Ɗaya na Filib Howard ne, basarake ɗan Katolika, da shekarar 1587 a ƙarƙashinsa. A gidan ya mutu a 1595. Rubutun a tsare yake, harafi bayan harafi, aikin mutumin da ba abin da ya rage masa sai lokaci. Daga nan muka fita zuwa tudun da ke bayan ganuwa, inda aka sare kan Tomas More ranar 6 ga Yuli, 1535. More babban lauya ne, ya taɓa zama kakakin majalisa, ya kuma riƙe muƙamin da Wolsey ya bari. Ya ƙi rantsewa cewa sarki ne shugaban coci. An ruwaito cewa da wani lauyan gwamnati ya tambaye shi ko zai yarda in majalisa ta naɗa shi, shi lauyan, sarki, More ya ce zai yarda. Sai shi ma ya mayar da tambaya: in majalisa ta yi doka cewa Allah ba Allah ba ne fa? More ba mai tsabtar hannu ba ne, domin sa'ad da yake kan mulki an ƙona masu bin koyarwar Luta da yardarsa. Duk da haka tambayarsa ta tsaya min a rai, don kowane mai imani ya san akwai iyakar da ƙuri'a ba ta isa ta ƙetare ba.

Ranar Asabar muka yi sammako zuwa Wesminista. Wanda bai je ba ba zai gane kusancin wuraren ba. Babban cocin da ake naɗa sarakuna tun 1066 ga shi nan, majalisa tsallaken titi, fadar Lambeth ta Akbishof na Kantabari kuma hayin kogi, kana hango ta. A can ƙuryar cocin, cikin wani siririn lungu, mutum-mutumin Sarauniya Elizabet ta Ɗaya na farin dutse yana kwance, da sanda a hannu. A ƙarƙashinsa mutum biyu ne, ita da yayarta Meri, kabari ɗaya. Rubutun da ke jiki yana cewa sun yi tarayya a sarauta da kabari, suna kwance cikin begen tashin ƙiyama.

Na daɗe a wurin ina lissafi. Wanda aka haifa a 1520 ya tashi yana bin Fafaroma. Yana ɗan shekara goma sha huɗu aka ce sarki ne shugaban coci. A 1549, zamanin Edwad na Shida ɗan Henri, majalisa ta sauya masa ibada daga Latin zuwa Turanci da littafin addu'ar da Akbishof Tomas Cranmer ya tsara. (Cocin Angilikan da muke gani a Wusasa ta Zariya ko a Kaduna, jijiyarta daga nan ta taso.) A 1554 Meri ta sa majalisa ta mayar da ƙasar ƙarƙashin Fafaroma, aka ƙona mutum wajen 280 da suka ƙi, har da Cranmer kansa a Oksfod a 1556. A 1559 Elizabet ta sake juya akalar, da tazarar ƙuri'a uku kacal a majalisar dattawa, bishop-bishop duka suna adawa. Kafin mutumin nan ya cika arba'in an sauya masa addini sau huɗu, kowanne da hatimin majalisa. In kuma ya ƙi zuwa coci ranar Lahadi, tarar sule ɗaya ce, kwabo goma sha biyu, wadda aka ɗaga a 1581 zuwa fam 20 a wata. Abu guda ne 'yan majalisar Meri suka kafe a kai: sun yarda a koma wa Fafaroma, amma gonakin cocin da suka saya ba mai taɓa su. Wannan ya gaya min abubuwa da yawa game da su.

Ana shiga majalisa ne ta Zauren Wesminista. Sanyi ne ya fara tarbar mu, sannan girman wurin. An gina shi a ƙarshen ƙarni na 11, rufin katakon da Sarki Ricad na Biyu ya sa aka yi a shekarun 1390 har yau yana nan ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya, gobarar 1834 da ta cinye sauran ginin ma ta bar shi. Daga nan matakala ta kai mu wani dogon zaure mai suna Sent Stibin. A filin nan tsohon ɗakin majalisar wakilai yake, kuma asalinsa ɗakin ibada ne na fada, wanda aka bar wa wakilai a zamanin Edwad na Shida. Suka zauna a kujerun mawaƙan coci, sahu biyu suna fuskantar juna, kakaki a wurin bagade. Shi ya sa har gobe gwamnati da 'yan adawa suke zama ido da ido. Mai yi mana jagora ta nuna mana wasu ƙusoshin tagulla a daɓe, alamar inda kujerar kakaki take.

Kafin a zo ga abin da ya faru a kan wannan kujera sai an koma baya kaɗan. Jemis na Ɗaya, da ya zo daga Sikotilan a 1603, ya yi imani cewa daga Allah sarautarsa take, ba wanda zai tuhume shi sai Shi. A taron da ya kira a Hampton Court a 1604, wanda ya haifar da fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1611, masu neman a tsarkake coci daga ragowar al'adun Roma sun taɓo batun bishop-bishop, ya ce musu in babu bishop to babu sarki. Ya gane abin sarai: shi ke naɗa bishop, bishop ke iko da mumbari, mumbari kuwa shi ne rediyon zamanin. Ɗansa Calis na Ɗaya ya gaji aƙidar amma bai gaji wayon ba. Ya sallami majalisa a 1629, ya yi shekara goma sha ɗaya yana mulki shi kaɗai, yana tara kuɗi ta hanyoyi irin su harajin jiragen ruwa, wanda wani mai gona, Jon Hampden, ya ƙi biyan sule 20 nasa har aka je kotu. Akbishof ɗinsa, Wiliyam Laud, ya sa aka mayar da teburin jibin Ubangiji bangon gabas aka kewaye shi da shinge, abin da jama'a da dama suka ɗauka hanyar komawa Roma ce, balle ga matar sarki 'yar Katolika daga Faransa. A 1637, a farfajiyar da muka bi muka shigo, an yanke kunnuwan mutum uku saboda rubutun sukar bishop-bishop, ɗayansu, lauya Wiliyam Prynne, har da lalas a kumatu.

A shekarar ce kuma sarki ya ɗora wa mutanen Sikotilan sabon littafin addu'a. Ranar da aka fara karanta shi a cocin Sent Jails na Edinbara aka tashi da jifa. Suka yi rantsuwar kare addininsu a 1638, suka ɗauki makami. Yaƙi sai da kuɗi, kuɗi sai da haraji, haraji kuma sai majalisa. Ta haka rigimar littafin addu'a ta tilasta wa Calis kiran mutanen da ya yi shekaru yana gudu.

Ranar 4 ga Janairu, 1642 ya shigo ɗakin nan da kansa, dakaru na tsaye a ƙofa, zai kama wakilai biyar. An riga an tsegunta musu, sun sulale ta kogi. Ya zauna a kujerar kakaki, ya tambayi Wiliyam Lenthall inda suke. Lenthall ya durƙusa ya ce ba shi da idon gani ko harshen magana a wannan wuri sai yadda majalisa ta umarce shi, domin shi bawanta ne. Ɗan ƙanwata ya matso ya ce, "Kawu, ka ji fa, a durƙushe ya faɗa." Na ce, "Ɗana, ladabin bai hana shi faɗin gaskiya ba." Tun daga ranar ba sarkin da ya sake taka zauren wakilai suna zaune. Duk lokacin buɗe majalisa, in manzon sarki ya zo kiransu, sai an rufe masa ƙofa a fuska, ya ƙwanƙwasa sau uku da sandarsa. Mun ga inda katakon ya lotsa.

Yaƙi ya ɓarke tsakanin sarki da majalisa a watan Agusta na shekarar. Tun kafin nan an kori bishop-bishop daga majalisar dattawa, an sare kan Laud a 1645, an soke muƙamin bishop ɗungurungum a 1646. Muka sauko Zauren Wesminista, inda wani allon tagulla a kan matakala ke nuna wurin da aka gurfanar da Calis a Janairun 1649. Ya ƙi cire hularsa, ya ƙi amsa tuhuma, tambaya ɗaya yake maimaitawa: da wane halattaccen iko aka kawo shi nan? Ni dai a ganina tambayar tana da nauyi, domin wata guda kafin nan sojoji sun tsaya a ƙofa sun hana duk wakilin da ke son sulhu shiga, majalisar dattawa kuma ba ta amince ba. Sai dai shi ma mai tambayar ya sha yin alkawari yana warwarewa, har ya jawo yaƙi na biyu bayan an ci shi a na farko. Mutum 59 suka sa hannu a takardar kisa.

A waje mutum-mutumin Oliba Cromwell, jagoran sojojin majalisa a yaƙin, yana tsaye, takobi a hannu ɗaya, Littafi Mai Tsarki a ɗaya. Tsallaken titi, a bangon cocin Sent Magaret, akwai ɗan gunkin kan Calis yana kallonsa. Ban iya yi wa Cromwell kallon gwarzon majalisa ba. Shi ne ya shiga da sojoji a 1653 ya watsa ta, ya sa aka ɗauke sandarta, irin sandar nan da majalisunmu na Nijeriya suka gada, wadda in babu ita zama bai halatta ba. Kuma mutanen Ailan ba su manta dubban da aka kashe a Drogheda a 1649 ba. Da sarauta ta dawo a 1660 aka tono gawarsa, aka soke kansa a kan rufin zauren da muka fito. Majalisar da aka zaɓa bayan dawowar sarki ta dawo da bishop-bishop, ta kuma yi dokar 1662 da ta raba limamai wajen 2,000 da cocinsu saboda sun ƙi littafin addu'a. Wanda ke sama ya sauya, tilastawar tana nan.

Tafiyar 'yan mintuna ce a titin Whitehall zuwa Gidan Liyafa, kuma mun yi sa'a a buɗe yake. Ɗaki ɗaya ne tak, fari, mai tsawo, wanda Inigo Jones ya kammala a 1622. An ajiye madubai a kan tebura masu taya don mutum ya kalli rufin ba tare da wuyansa ya ƙage ba. Na sunkuya a kan ɗaya, sai ga Sarki Jemis a cikin gajimare, ana ɗaga shi sama, ana miƙo masa kambi. Calis ne ya biya mai zane Rubens ya yi wannan don girmama mahaifinsa, aka kafa shi a 1636. A ƙarƙashin zanen nan aka bi da shi ranar 30 ga Janairu, 1649, aka fitar da shi zuwa dandamalin da aka kafa a jikin bango, inda hauni ke jira. Ya sa riga biyu saboda sanyi, don kada ya yi makyarkyata a ce tsoro ne. Duk laifinsa, a nan na ji tausayinsa ya kama ni.

A ɗakin nan kuma aka rufe babin bayan shekara arba'in. Ɗansa Jemis na Biyu ɗan Katolika ne a fili. Ya ba da sanarwar sassauta wa Katolika da sauran waɗanda ba sa bin cocin gwamnati, amma da ikon kansa, ta hanyar jingine dokokin majalisa, ya kuma ce a karanta a kowane mumbari. Bishop bakwai suka roƙi a ɗauke musu, ya tura su Hasumiya, kotu ta wanke su ranar 30 ga Yuni, 1688. Cocin da ta yi shekaru tana wa'azin biyayya ga sarki ta juya masa baya. A watan ne aka haifa masa ɗa namiji, manyan ƙasa suka aika wa surukinsa Wiliyam na Holan, ya sauka da runduna a Nuwamba, Jemis ya tsere Faransa. Ranar 13 ga Fabrairu, 1689, a ƙarƙashin zanen Rubens, aka karanta wa Wiliyam da matarsa Meri, 'yar Jemis, sharuɗɗa kafin a miƙa musu sarauta: ba jingine doka, ba haraji, ba ajiye soja a lokacin zaman lafiya sai da yardar majalisa.

Ina girmama wannan rana, domin ɗaure hannun mai mulki da doka ba ƙaramin abu ba ne. Amma ba zan kira ta ranar 'yancin addini ba. Dokar sassauci ta 1689 ta tsaya ne a kan Furotesta da ba sa bin cocin gwamnati. Ɗan Katolika bai samu shiga majalisa ba sai 1829. Dokar 1701 ta haramta masa gadon sarauta, shi ya sa a 1714 aka tsallake 'yan gidan sarauta fiye da hamsin aka ɗauko Joj daga Hanoba ta Jamus. Sai a 2013 aka yarda mai jiran gado ya auri 'yar Katolika, amma shi kansa sarki dole ya kasance Furotesta, kuma Calis na Uku ya rantse a kan haka a bikin naɗinsa na 2023. Bishop 26 suna da kujeru a majalisar dattawa. Da Cocin Ingila ta so gyara littafin addu'arta a ƙarni na 20, sai da ta kawo shi gaban majalisar wakilai, wadda a cikinta akwai mutanen Sikotilan da wasu da dama da ba 'yan cocin ba ne, suka yi muhawara a kan yadda za a yi jibi, suka kayar da shi a 1927, aka sake kawowa a 1928 suka sake kayar da shi.